Yadda Ake Zagaya Gine-ginen Gwamnati da Wuraren Tarihi a Abuja

Mutane da yawa sukan zo Abuja neman biza ko bin fayil a ma'aikata, su gama abin da ya kawo su, su koma gida ba su ga komai ba sai ofis da tasha. Wasu kuma musamman suke zuwa don ganin gari, amma su ƙare a cikin tasi suna leƙen katanga, don ba wanda ya gaya musu inda ake shiga da inda ake tsayawa daga nesa. Gine-ginen gwamnati a Abuja kashi uku ne. Akwai waɗanda kowa zai iya shiga, akwai waɗanda sai da takarda, akwai kuma waɗanda ko rage gudu ba a yi a gabansu. Duk tsarin yawonka a kan wannan rabon zai tsaya.

Fara da sanin shimfiɗar garin

An zana Abuja a takarda kafin a aza bulo ko ɗaya. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda a 1975, aka fitar da dokar kafa sabon babban birni ranar 3 ga Fabrairu 1976, kwana goma kafin a kashe Murtala. Gwamnati ba ta tare ba sai ranar 12 ga Disamba 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Ƙasar ta Gbagyi ce da sauran ƙabilun yankin, sunan kuma daga tsohuwar masarautar Abuja aka aro shi, ita ta koma Suleja.

Tsakiyar birnin, wadda Kenzo Tange ɗan ƙasar Japan ya tsara, a jere take a kan layi ɗaya. Dutsen Aso yana can gabas a matsayin kai. A gindinsa akwai yankin da ake kira Three Arms Zone, inda Fadar Shugaban Ƙasa da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli suke maƙwabtaka. Daga nan in ka nufo yamma sai Dandalin Eagle Square da Sakatariyar Tarayya, sai Babban Masallacin Ƙasa da Babbar Majami'ar Ƙasa suna kallon juna, sai hedikwatar NNPC da Babban Banki, can ƙarshe filin wasa da Ƙofar Gari. Duk inda ka rikice, ɗaga kai ka nemi dutsen ko hasumiyoyin masallaci, za ka gane inda kake.

Zaɓen rana

A nan yawancin mutane suke kuskure. Ranar da ta dace da kallon gine-gine daga waje daban take da ranar da ta dace da shiga ciki.

In kallo da hoto kake so, zo Asabar ko Lahadi. Tituna babu kowa, ma'aikata suna gida, kana iya tsayawa a wurare da dama ba tare da an matsa maka ba. In kuwa zaman majalisa kake son gani, Talata da Laraba da Alhamis ne ranakun zama, kuma 'yan majalisa sukan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Kotuna ma suna hutun shekara kusan a daidai wannan lokaci. Wanda ya kwaso ɗalibai a watan Agusta don su ga majalisa, kujeru kawai za su gani, in ma an bar su sun shiga.

Akwai ranakun da ake rufe hanyoyin Eagle Square, wani lokaci tun jajibiri: 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, da 29 ga Mayu a shekarar rantsar da sabon shugaban ƙasa, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba. Haka nan ranar babban taron jam'iyya ko ranar da aka sanar da zanga-zanga. Saurari labaran safe kafin ka fito, domin yawancin zanga-zangar Abuja ƙofar majalisa take nufa, kuma hayaƙi mai sa hawaye ba ya bambanta ɗan kallo da mai kwali a hannu.

Yanayi ma a duba shi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yakan lulluɓe Dutsen Aso har ka rasa shi a hoto. Maris akwai zafi mai tsanani. Lokacin da garin ya fi kyau shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa farkon Nuwamba: ciyawa shar, sama tas. A tsakiyar damina ruwa ya fi saukowa da yamma ko da dare, saboda haka a gama yawo da wuri.

Abin hawa

A taswira wuraren suna kusa da juna, amma kada ka yarda ka ce za ka taka da ƙafa. Titunan faɗi ne da su, motoci gudu suke yi, inuwa kaɗan ce. An hana acaɓa a tsakiyar birni tun 2006, a-daidaita-sahu ma ba ya shiga wannan yankin.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ɗauki shatar mota ta awa biyar ko shida. Ku yi ciniki tun kafin ka shiga, ka lissafa wa direba wuraren da za ku tsaya ɗaya bayan ɗaya, ku kuma daidaita a kan wanda zai biya kuɗin fakin. In ba a yi haka ba, rigima tana jiranku a tsayawa ta uku. Nemi direban da ya daɗe a garin, domin shi ya san inda ake iya tsayawa minti biyar da inda motar janwe take fakon mutane. Bolt da Uber suna aiki sosai, sai dai a kusa da Three Arms Zone direbobi sukan ƙi zuwa ɗaukar fasinja saboda babu wurin jira.

Kada ka tare motar da ba fenti a bakin titi don ka ga akwai fasinjoji a ciki. Haka 'yan fashin da ake kira "wan cans" suke aiki: fasinjojin nasu ne, sai an yi nisa su ƙwace waya su kwashe kuɗin asusu. In motar haya ta gama-gari za ka shiga, shiga a tasha.

Mai zuwa da motarsa ya tabbata takardunsa sun cika, har da izinin baƙin gilas in yana da shi, don jami'an kiyaye haɗurra suna nan a manyan mahaɗu. Mai zuwa ta jirgin ƙasa daga Rigasa zai sauka a Kubwa ko Idu, kuma daga Idu akwai jirgin cikin gari da yake kaiwa tashar da ke tsakiyar birni.

Ka riƙe katin shaida na asali, ba hotonsa a waya ba. Ka ɗauki ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da hula ko lema, da ƙananan kuɗi a hannu, da leda ta sa takalmi a masallaci. Babbar jaka kuwa bar ta a masauki, don kowace ƙofa sai an zazzage ta.

Maganar hoto

Wannan ne ya fi jefa baƙi cikin wahala. Tsananin tsaron Abuja yana da dalili. An tayar da bama-bamai kusa da Eagle Square ranar 1 ga Oktoba 2010, aka kai hari hedikwatar 'yan sanda a Yuni 2011, sannan ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a Agusta na wannan shekarar. Jami'in da ya ga baƙo yana auna ƙofa da kyamara, waɗannan abubuwan ne suke zuwa masa a rai.

Kada ka ɗauki hoton soja ko ɗan sanda ko shingen bincike. Kada ka ɗauki ƙofofin Fadar Shugaban Ƙasa, da hedikwatar tsaro, da ta 'yan sanda, da ta DSS, da ofisoshin jakadanci. A sauran wurare, sauka daga mota, ka je wurin mai gadi ka yi sallama, ka ce kai baƙo ne kana son hoto ɗaya. Sau da yawa zai nuna maka inda za ka tsaya. Leƙo waya ta tagar mota a ɓoye shi ne yake jawo zargi. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto kuwa kada ma ka fito da shi daga jaka, sai da izinin hukumar sufurin jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

In an tsayar da kai, kada ka yi gardama, kada ka yi saurin cusa waya a aljihu. Nuna katinka, nuna hotunan, in an ce ka goge ka goge.

Zagayen waje, daga yamma zuwa gabas

Dalilin farawa daga yamma shi ne rana. In ka tsaya a Eagle Square kana kallon majalisa, gabas kake fuskanta. Da safe rana tana bayan dutsen, hoton zai fito baƙi. Sai bayan La'asar haske yake sauka a fuskar dutsen da koriyar ƙubbar majalisa. Saboda haka a bar wannan ɓangaren sai bayan La'asar.

Fara da Ƙofar Gari a kan hanyar filin jirgi wajen ƙarfe 8. Tana tsakiyar babban titi, don haka direba ya nemi wurin da zai sauka gefe sosai, kuma a riƙe hannun yara. Kusa da ita akwai babban filin wasa da aka gina don wasannin Afirka na 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Minti ashirin ya isa.

Daga nan a shiga gari a bi ta gaban Ship House, ginin Ma'aikatar Tsaro mai siffar jirgin ruwa. Kallo kawai, ba tsayawa. A wuce Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, inda shugabannin Afirka suka yi taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU) a 1991. Sai hedikwatar Babban Banki a titin Tafawa Balewa. Ciro takardar naira 1000 ka juya bayanta, ginin da ke jiki ne a gabanka, kuma yara suna jin daɗin wannan. Sai dogayen benaye huɗu na NNPC a titin Herbert Macaulay.

Wurin da ya kamata a ba lokaci shi ne Cibiyar Shehu Musa 'Yar'adua, kuma abin takaici yawancin masu yawo wuce ta suke yi. Shehu 'Yar'adua, Tafidan Katsina, shi ne na biyu a gwamnatin soja daga 1976 zuwa 1979, ya rasu a gidan yarin Abakaliki a Disamba 1997. A harabar akwai gada da aka gina aka bar ta a yanke ba ta kai ɗaya gaɓar ba, da gangan, alamar rayuwar da aka katse. A ciki akwai zauren baje hotuna da kayan tarihinsa da ɗakin karatu. Wuri ne da ake yawan taruka, don haka a tuntuɓe su kafin a zo, musamman in ayari ne ko ƙarshen mako.

Ka daidaita tafiya ta yadda Azahar za ta same ka a Babban Masallacin Ƙasa. An gina shi a 1984, da ƙubba mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu da ake hangowa daga kusan ko'ina a tsakiyar birni. Bayan salla, tsaya a ƙarƙashin ƙubbar ka ɗaga kai ka ga rubutun da aka zagaye ta da shi. Mata suna da nasu ɓangaren. Wanda ba Musulmi ba yana iya shiga a lokacin da ba na salla ba, in ya yi shigar mutunci ya kuma nemi izinin masu kula da wurin. In Juma'a ce, ka isa kafin ƙarfe 12, don ana rufe wasu hanyoyi kuma wurin fakin yana cika da wuri. Takalminka ya kasance a leda a hannunka, wayarka a aljihun gaba. Bayan an idar, bakin masallacin yakan koma kasuwa: huluna, turare, dabino, littattafai, kilishi, fura.

Daura da masallacin akwai Babbar Majami'ar Ƙasa, wadda aka kammala a 2005, mai dogayen bakuna masu tsini da tagogin gilas masu launi. Ana zagayawa da baƙi in ba lokacin ibada ba ne, a tambaya a ƙofa. Tsakanin wuraren ibadar biyu za ka ga wata doguwar hasumiya ta kankare, Millennium Tower, mai tsawon mita 170. An fara aikinta a 2006, kuma shekaru suka yi ta wucewa ba a kammala ba. Daga nesa ake kallonta.

Wajen ƙarfe 4 sai Eagle Square. Nan ake rantsar da shugabannin ƙasa tun 1999, gine-ginen Sakatariyar Tarayya suna gefe da gefe. In ba taro, masu gadi sukan bar mutum ya leƙa. Tsallaken titin Shehu Shagari akwai dandalin tunawa da sojojin da suka rasu a fagen daga, da kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba, inda shugaban ƙasa yake ajiye furanni duk 15 ga Janairu. Sojoji ne suke gadinsa, sai an gaishe su an nemi izini. Daga wannan wurin ne ake samun hoton da kowa ya sani: ƙubbar majalisa a gaba, Dutsen Aso mai tsayin kusan mita 400 a bayanta.

Rufe yinin a Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disamba 2003. Zo da tabarma, a zauna a ci abinci, yara su yi gudu. A kan hanya za ku wuce Unity Fountain, inda aka rubuta sunayen jihohin ƙasar nan, kowa ya nemi tasa.

Shiga Majalisar Tarayya

Majalisa ta jama'a ce, kuma kowane zaure yana da bene na 'yan kallo. Sai dai ba a zuwa haka kawai a ce an zo kallo. Ga yadda ake yi.

Na farko, rubuta takarda zuwa ga Akawun Majalisar Tarayya, aƙalla mako biyu ko uku kafin ranar. Ka sa sunan makaranta ko ƙungiya, yawan mutane, ranar da kuke so da wata ranar ta ko-ta-kwana, zauren da kuke son gani, da lambar wayar jagoran tafiya. Na biyu, kai takardar hannu da hannu tare da kwafi, a buga maka hatimin karɓa a kan kwafin. Wannan kwafin shi za ka riƙa bibiya da shi, kuma shi za ka nuna a ƙofa. Na uku, kai wani kwafin ofishin sanatanku ko ɗan majalisar mazaɓarku. Wannan ita ce hanya mafi sauri, domin hadimansa za su iya aika sunayenku ƙofa su kuma turo wanda zai shigo da ku. Mutum ɗaya ko biyu ma ta nan ya fi musu sauƙi.

Ranar zuwa, ku isa ƙofar farko kafin ƙarfe 9:30, ko da yake zama yakan fara ne wajen ƙarfe 11, wani lokaci ma ya wuce haka. Akwai bincike fiye da sau ɗaya, sannan akwai tafiyar ƙafa mai ɗan nisa daga ƙofa zuwa ginin. Shiga ta zama ta mutunci: kaftani da hula, ko kwat, ko kayan makaranta. Silifas da gajeren wando da riga mai rubutu suna sa a mayar da mutum daga bakin ƙofa.

Zauren Majalisar Dattawa ja ne, sanatoci 109. Na Wakilai kore ne, mambobi 360. In zaɓi ɗaya gare ku, zauren Wakilai ya fi motsi da muhawara. Ku lura da shigowar sandar majalisa a kafaɗar jami'in da ke gaban shugaban zaure, kowa ya miƙe tsaye. In babu wannan sandar a kan teburi, zama bai halatta ba. Shi ya sa aka yi ta hayaniya a Afrilu 2018 da wasu suka kutsa zauren Dattawa suka gudu da ita, washegari 'yan sanda suka tsinto ta a ƙarƙashin gadar sama kusa da Ƙofar Gari. A benen 'yan kallo ba a tafi, ba a magana, ba a ɗaukar hoto, kuma a shirya rabuwa da waya a ƙofa. Malamai su ja wa ɗalibai kunne tun a mota. Sau da yawa shugaban zaure yakan ambaci sunan makarantar da ta zo, ɗalibai su miƙe a gaishe su.

Kotun Ƙoli da Fada

Tsarin mulki ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, don haka ana shiga Kotun Ƙoli a saurara. Zama yakan fara ƙarfe 9 na safe, alƙalai biyar a yawancin ƙararraki, bakwai a manyan batutuwan tsarin mulki. Je da katin shaida, kashe waya gaba ɗaya, zauna a kujerun baya don na gaba na lauyoyi ne, ka miƙe in alƙalai sun shigo, ka ɗan rusuna in za ka fita. Guji ranar yanke hukuncin zaɓe, domin a ranar sai mai kati na musamman. Wanda ya shirya da kyau yana iya yin kotu da safe, ya wuce majalisa da hantsi, tunda maƙwabta ne.

Fadar Shugaban Ƙasa kuwa sai da gayyata. Kada ka bar direba ya ce bari ku matsa ku leƙa. In kuka yi kuskuren shiga hanyarta, ku tsaya a shinge, ku sauke gilas, ku ce ɓatan hanya ne, za a nuna muku inda za ku juya. Juyawa da sauri tun kafin shinge ya fi komai haɗari. In ka ji jiniyar ayarin manya, sauka gefe ka tsaya cak har su wuce. Dutsen Aso ma ba a hawansa ba izini. Mai son ganinsa kurkusa ya je gidan namun daji da wasan yara da ke gindinsa ta ɓangaren Asokoro.

Fita daga gari

A ranar aiki, daga ƙarfe 4:30 na yamma ma'aikata suke tashi, hanyar Nyanya da Mararraba ta cushe, ta Kubwa ma haka. Ko dai ka fita kafin ƙarfe 4, ko ka zauna ka yi Magariba a gari.

Mai komawa ta hanyar Kaduna yana da sauran tsayawa ɗaya. Da ka wuce Zuba ka shiga Madalla a jihar Neja, Dutsen Zuma zai tare maka gaba, wanda yake bayan tsohuwar takardar naira 100. Daga kan titi ake ganin abin da ya yi kama da fuskar mutum a jikinsa. Hanyar ta manyan motoci ce, don haka a sauka daga kwalta gaba ɗaya, a gidan mai ko wani fili, kafin a buɗe ƙofa. A yi wannan tsayawar da sauran rana, yadda za a isa Kaduna kafin duhu.